Aku, Mai Muryar Kawu Zakara, Ya Rasu Da Gaske

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokin aikina kuma yayana a sana'a, mutumin da duk wanda ya san shi yake kira Aku. Shi ne mai muryar Kawu Zakara a shirin katun ɗin nan na barkwanci da ake nunawa a talabijin duk ƙarshen mako, kuma shi ne ke rubuta mafi yawan abin da ke ba ku dariya a cikinsa. Ni ne mai ɗaukar sautin shirin. Shekara da shekaru ina zaune a bayan gilashi, abin sauraro a kunnena, ina kallon bakinsa yana motsi. Na ɗauki alƙalami ne saboda har yau ana tare ni a hanya ana tambayata ko da gaske ne. Da gaske ne. Na ga gawarsa da idona, kuma ina cikin waɗanda suka sa shi a kabarinsa.

Ba na ganin laifin masu tambayar, Yaya, domin ni na fara. Ina cikin situdiyo ina gyara makirfo sai wayata ta yi ƙara, na ga lambarka. Da na ɗauka sai na ji muryar matarka tana rawa: "Injiniya, ka zo asibiti. Yayanka ya faɗi, sun ce ya cika."

Sai na fashe da dariya. Na ce, "Kai Yaya, yau kam ka kamo Anti sak, har da jan numfashin!"

Ka sha yi mini haka. Ka taɓa kirana da muryar darakta ka ce an ɗage aiki, na koma na ja bargo, ashe jama'a na can suna jirana. Ka taɓa kirana da muryar ƙanwata, na yi ta hira da kai kan ɗinkin labule. Don haka na jira ka tuntsire da dariya kamar kullum. Dariyar ba ta zo ba. Sannan ta ce, "Ni ce fa, Injiniya."

Ban san yadda na sauko daga bene ba. A asibiti aka ce mini kana ɗaura igiyar takalmi ne za ka fito aiki, ka ce ƙirjinka ya riƙe, ka zauna a kan matakala, ba ka sake tashi ba. Suna yi mini bayani ina gyaɗa kai, amma idona na kan mayafin da aka rufe ka da shi, ina jira ya motsa. Allah Ya yafe mini, har a lokacin rabin zuciyata na cewa shirinka ne.

Ba neman aiki ya kawo ka wurinmu ba tun farko. Rakiya ka yi wa wani abokinka da ya zo gwajin murya, ka zauna a benci a baranda kana jiransa. Duk wanda ya fito daga ɗakin gwaji sai ka maimaita maganarsa da muryarsa, masu jira suna ta ƙyaƙyatawa. Darakta na ciki sai ya ji kansa a waje yana aiken a kawo masa shayi. Ya fito a fusace yana neman mai raina shi, ya tarar da kai, siririn mutum da riga mai ɗan tabon man inji, domin a shagon kayan mota kake aiki a lokacin. Ya ce ka sake. Ka sake, har da tarin da yake yi kafin ya yi faɗa. Abokin naka bai samu aikin ba, kai ka samu, kuma ka yi ta jin nauyinsa har sai da ka nemo masa gurbi a wurin masu haɗa hoto.

Kai ka mayar da shirin abin da ya zama. Da can labarin wani tsohon zakara ne mai shagon aski da maƙwabtansa dabbobi, ana faɗuwa ana tashi, yara na dariya. Da ka shigo sai ka fara cusa masa duk abin da mutane suka taɓa gani a akwatin talabijin ko suka ji a rediyo. Tsohuwar tallar da kowa ya manta sai ta fito daga bakin akuya. Tafiyar jarumin fim ɗin da ake yayi sai ka ɗora wa kunkuru. Yadda mai karanta labarai ke jera takardunsa a ƙarshe alhali ba abin da ke rubuce a kai, ka ba wa mujiya. Ba ka taɓa ambaton sunan kowa ba, amma kowa na gane wanda ake nufi. Kakan ce, "Yaro ya yi dariyar faɗuwar zakara, ubansa ya yi dariyar abin da zakaran ya ce yana faɗuwa." Sau da yawa mu kanmu ba ma kama rabin shaguɓen sai bayan an nuna, masu kallo su yi ta lissafa mana su. Idan muka tambaye ka daga ina ka samo kaza, sai ka ce mu dinga kallon talabijin da ido biyu.

Amma kana da iyaka, kuma ba ka ƙetare ta. Wani sabon marubuci ya taɓa kawo wasa kan wani mai gabatar da shiri da ke da i'ina. Kowa a ɗakin ya yi dariya, har da ni. Kai ba ka yi ba. Ka ce masa a hankali, "Wanda ya ɗora wa kansa girman kai, shi muke ture wa hula. Wanda Allah Ya halitta haka, ba ruwanmu da shi." Sannan ka zauna da shi har yamma kuna neman wani abin da zai maye gurbin, don kada ya tafi gida da kunya.

Ba zan manta da tsohon mawaƙin nan ba. Akwai lokacin da waƙarsa ɗaya ta cika ko'ina, daga baya duniya ta wuce shi. Muka yi wata agwagwa mai rera waƙa da irin karkarwar muryarsa, aka yi ta dariya. Sai labari ya zo maka cewa dattijon ya gani kuma abin ya yi masa ciwo, ga shi yana zaune shi kaɗai ba lafiya. Ka ce in raka ka. Muka same shi a wani ɗaki a bayan shagon ɗinki, da rediyo a gefen katifa. Ka durƙusa ka gaishe shi ka ce kai ne agwagwar, ka zo ya yi maka hukunci. Ya daɗe yana kallonka. Sannan ya ce, "Ba zolayar ce ta dame ni ba, yaro. Ba haka nake jan baitin ba. Ka ɓata shi." Ya gyara zama ya ja maka shi, muryar na nan daram. Ka ce, "To Baba, ka zo ka yi da kanka mana." Tun daga ranar shi ya zama muryar agwagwa har ya bar duniya, kuma kai kake zuwa ɗauko shi ka mayar da shi. Ya rasu yana alfahari da cewa jikokin mutanen da suka manta da shi sun haddace waƙarsa.

Ni ma na ci arzikinka. Da mahaifiyata ta kwanta a asibiti ta daina cin abinci ta daina magana, ka zo dubiya ka tambaye ta wane wasan rediyo ta fi so tana budurwa. Ta faɗa da ƙyar. Ka tsaya a gefen gadon ka yi mata shi, kai ne mijin, kai ne matar, kai ne ƙarar ƙofa da kukan jariri. Masu jinya suka taru a kanmu. Ranar ta sha shayi ta ci burodi.

Yanzu in zo ga abin da ya hana ni sukuni. Fitowar ƙarshe da ka rubuta, ka kuma yi muryarta kafin rasuwarka da 'yan kwanaki, sunanta "Mutuwar Kawu Zakara". Ƙwayar masara ce ta maƙale wa Kawu a wuya, ya yanke wa kansa hukuncin mutuwa zai yi, ya kuma rantse ba zai mutu kamar gama-garin kaji ba. Ka tattaro duk wata mutuwa da aka taɓa yi a fim ka zuba a ciki. Ya faɗi ya tashi ya yi jawabi kamar jarumin da harsashi ba ya kashewa sai ya gama magana. Aka haska fuskar kowane maƙwabci sau uku uku da ƙarar tsawa, irin na wasannin soyayya masu dogon zango. Ruwan sama ya kece a cikin shagon aski, 'yan rawa suka ɓullo daga bayan madubi. Ana tsakiyar kuka aka yanke aka sa tallar sabulu, kazar Kawu na gwada hankici biyu don a ga wanda ya fi shan hawaye. Mai sharhin ƙwallo ya karɓe: "Zai tafi! Zai tafi! Kash, ya bugi turke!" Alƙalan gasar waƙa uku suka ɗaga allunansu, ɗayansu ta ce mutuwar ba ta ratsa ta ba, ya sake. A ƙarshe ya yi tari ƙwayar ta faɗo, ya tambayi abin karin kumallo.

Ranar da muka ɗauki muryar na yi dariya har sai da na kashe nawa makirfo. A wani wuri ka dafe ƙirji, ka yi wani nishi mai zurfi, zufa ta karyo maka a goshi, ka riƙe ƙarfen makirfo. Na ɗaga maka babban yatsa ta gilashi na ce wannan ya fi na baya. Ka yi murmushi ka nemi ruwa. Tun rasuwarka nake sauraron nishin nan. Wani lokaci in ji shi wasa ne tsantsa, irin wanda ka yi sau ba adadi. Wani lokaci in ji wani abu a ƙarƙashinsa da ba na Kawu Zakara ba. Na je na tambayi likitan da ya duba ka, ya ce ba wanda zai iya sani. Ni da aikina ke nan, rarrabe sauti, na kasa rarrabe wannan.

Sai rigima ta tashi a ofis kan ko a nuna fitowar. Darakta ya ce aikinka na ƙarshe ne kuma ya fi duk na baya, ɓoye shi cin amana ne. Shugabar masu zane, wadda ta zana kowace faɗuwar Kawu da hannunta, ta ce ba da ita za a sa mutane su yi ta dariyar mutuwarka ba alhali ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Suka juyo gare ni. Da safe ina tare da shi, da rana ina tare da ita. Da abin ya ƙi ƙarewa muka ce mu kai wa mai hakki.

Muka je gidanka mu uku. Anti ta karɓe mu a falo, babbar 'yarka, wadda ke karatu a jami'a, na zaune a gefenta. Darakta ya fara kewaye-kewaye, ta katse shi ta ce a kunna mata ta gani. Na ajiye kwamfuta a kan tebur na kunna, na sunkuyar da kai. Muryarka ta cika falonka. Jawabi ya wuce, tsawa ta wuce, 'yan rawa suka wuce, ba wanda ya yi ko tari. Na fara addu'ar a ɗauke wuta.

Sai aka zo wani wuri da Kawu ke kwance ido a rufe, kowa ya ɗauka ya tafi, sai ya buɗe ido ɗaya ya ce da wata murya ta dattijo mai faɗa, "Wa ya bar fankar nan a kunne? Iska tana ta tafiya a banza." Mu a ofis mun ɗauka daga wani tsohon fim ne da ba mu gani ba. Sai Anti ta toshe baki da gyalenta, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, da hawaye tare.

Ta ce, "Wannan ai Baba ne. Mahaifina. Haka ya ce a gadon asibiti, mun kewaye shi muna kuka. Yayanku ne ke jinyarsa, shi ya tashi ya kashe fankar." Ta share ido. "Ashe duk shekarun nan yana riƙe da ita."

Ta sa na mayar da wurin baya ta sake gani. Sannan ta ce, "Ku saka. Kada ku cire ko kalma ɗaya." 'Yarka ta tashi ta shiga ciki.

Muka ƙara abu ɗaya kawai a ƙarshe: baƙin allo, da hotonka, da addu'ar Allah Ya ji ƙan Aku. Ranar da za a nuna na kasa zama ni kaɗai, na gangara shagon askin da ke bakin layinmu, inda ake kunna talabijin. Shagon ya cika. Suka yi dariya a duk inda ka so a yi. Wani dattijo ya gane tallar sabulun ya yi ta dukan cinya yana ba wa samari labarinta. Na ji daɗi, na ji kamar in gudu, duka a lokaci ɗaya. Sai baƙin allon ya fito. Dariyar ta dawo fiye da ta farko. Wani da aka aske wa rabin kai ya ce, "Kai, mutanen nan ba su da dama! Har da hoton ta'aziyya irin na ƙarshen fim!"

Sai a lokacin na tuna cewa ba su san fuskarka ba. Sanarwar rasuwarka da aka yi da sunanka na yanka ce, ta wuce ba wanda ya haɗa ta da Kawu Zakara. Na miƙe na ce musu mutumin da ke hoton shi ne mai muryar, kuma ya rasu da gaske. Suka bi ni da kallo. Mai askin ya ce, "Malam, ko kai ma cikin shirin kake?" Sai na juya na fita. Washegari wayoyin ofis ba su huta ba, rabin masu kira na yaba mana wannan dabara ta ƙarshe, rabi na tambaya a tsorace. Har yanzu ban san ko daidai muka yi ba, Yaya. Da kana nan ban san ko dariya za ka yi ko faɗa ba.

Bayan haka 'yarka ta zo situdiyo ita kaɗai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kujerarka. Ta ce, "Baffa, muryar Abba nake so. Ba ta zakara ba, tasa." Ta ce ta duba duk bidiyon da ke wayoyin gida, a kowanne kana kwaikwayon wani: ko maƙwabci, ko malaminta na firamare, ko ita kanta. Ta ce tana jin tsoron ta fara mantawa.

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, ina da muryarka da ba za a gama ji a wata guda ba. Da ta tafi na zauna na fara buɗewa. Zakara, kunkuru, mujiya, mai sharhin ƙwallo, jarumai, 'yan talla. Kai ba ka ciki. Aikina ne in yanke duk abin da ba na wasa ba in zubar, kuma na yi aikin da kyau. Na rufe ido na nemi muryarka a kaina, sai muryar Kawu ke zuwa.

Da ƙyar na samo wasu tsofaffin fayil da ban kai ga tsaftacewa ba. A cikinsu na tsinto ka guntu-guntu. "Bismillah, mu je." "A sake, ban gamsu ba." "Injiniya, ka karya kuwa?" Sai wani wuri da wayarka ta yi ƙara muna tsakiyar aiki, ka amsa alhali makirfo yana kunne. Da ita kake magana, tana ƙarama a lokacin. Ka ce, "Ki tsaya a bakin ƙofar makarantar, kada ki bi kowa. Ga ni nan zuwa." Murya ce ƙasa-ƙasa, mai ɗan dishewa, wadda da a kasuwa na ji ta ba zan waiga ba.

Na haɗa su wuri ɗaya na kira ta. Na zaunar da ita a kujerata na sa mata abin sauraron a kunne. Ban ji abin da take ji ba, fuskarta kawai nake gani. Da ya ƙare ta ce, "Shi ne." Ta ce in sake kunna mata.

Ba mu san makomar shirin ba. Matasa na ta turo muryoyinsu suna kwaikwayon Kawu Zakara, wasu sun kusa, ba wanda a cikinmu ya samu ƙarfin zaɓa.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka ba shi da komai sai rahamarKa. Ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Idan a cikin zolayarsa ya taɓa ɓata wa wani rai, Ka sanyaya zuciyar wancan ya yafe masa. Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa damuwar da ya yaye wa bayinKa ta zama nauyi a mizaninsa, Ka sada shi da salihai a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika nuna mana. Ga 'ya'yansa, Allah Ya zama gatanku, ƙofata kuma a buɗe take gare ku. Ga 'yan'uwansa da surukansa, da darakta da masu zane da duk abokan aikinmu, Allah Ya ba mu juriya. Ku kuma masu kallo, duk wanda wannan bawan Allah ya taɓa sa shi dariya a ranar da yake cikin ƙunci, ina roƙonsa ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Allah Ya ji ƙanka, Yaya. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.